Ali Baba Ya Dawo Ta Japan

Yaron da ya tashi a Dakoro a wannan zamani ya san Sangoku da Naruto kamar yadda kakansa ya san Gizo da Ƙoƙi. Ya san makamin kowane jarumi, ya san wanda ya ci amanar wani, ya kuma san a kashi na nawa aka kashe wane. Ba a makaranta ya koyo su ba. Sun zo masa ta tashoshin tauraron ɗan'adam masu magana da Faransanci, sun kuma zo ta hannun masu tura finafinai a katin waya, waɗanda ba a rasa su a bakin kasuwa ko tasha. Garin yana da nisan kilomita wajen 120 arewa da Maraɗi, a daidai inda noma ke fara sallama wa kiwo, amma nisan bai hana jaruman Japan isowa ba. Abin da bai iso ba shi ne littattafan da aka haifi jaruman a cikinsu.

Domin kuwa mafi yawan waɗannan finafinan zane, da masu su ke kira anime, a takarda suka fara rayuwa. Littafin zanen shi ake kira manga. Baƙi da fari ne, ba launi, kuma yakan fara fitowa ne babi-babi a cikin wata mujalla mai kauri da ake bugawa kowane mako a kan takarda mai araha. Kowane babi bai cika wuce shafi 20 ba, an rarraba shafin gida-gida kamar gidajen dara, sai dai wani gidan ya fi wani girma. Idan babobi sun taru sai a ɗaure su littafi guda. In labari ya karɓu, sai ƴan kasuwa su haɗa jari, mawallafi da gidan talabijin da masu sayar da faifai da kayan wasan yara, su ba wani kamfanin zane kwangilar mayar da shi majigi. Daga nan labarin ya shiga hannun da ba na mai shi ba.

Matsalar farko ta lissafi ce, kuma kowane ɗan aji shida zai iya gane ta. Mai zanen littafi yana fitar da babi ɗaya a mako. Kashi ɗaya na majigi, mai tsawon minti 24 ko kusa da haka, yana cinye babi biyu ko uku. Ke nan mai bi ya fi wanda ake bi sauri, kuma ba makawa wata rana ya taka masa diddige. In haka ta faru, dabara uku ce ta rage wa masu majigi: su ja labarin kamar ƙaro, ko su ƙirƙiro ciko daga kansu su cusa, ko su yanke su yi masa ƙarshen da mai littafi bai yi ba. Akira Toriyama, wanda ya rasu a 2024, ya zana Dragon Ball daga 1984 zuwa 1995, ya cika littafi 42. Majiginsa na farko ya kai kashi 153, na biyu mai harafin Z ya kai 291. Duk wanda ya kalli faɗan Sangoku da Freezer ya tuna an ce saura minti biyar duniyar Namek ta tarwatse, aka shafe kusan kashi goma minti biyar ɗin ba su cika ba. Naruto na Masashi Kishimoto babi 700 ne a takarda, amma kashi 720 ne a majigi, wato majigin da ya kamata ya ƙare da wuri shi ya fi littafin yawa, saboda wajen huɗu cikin goma na abin da ke cikinsa ciko ne. Fullmetal Alchemist kuwa sau biyu aka yi shi. Na 2003 ya cim ma mai zanen, Hiromu Arakawa, tun ba ta kai rabin hanya ba, sai ya kama tasa hanyar. Na 2009 ya bi littafin sawu da ƙafa, suka ƙare tare a 2010. Har yau masu kallo ba su daina gardama a kan wanda ya fi ba, kuma masu fifita na farkon ba wawaye ba ne.

Wani zai ce wannan gardamar ƴan Tokyo da Faris ce, ina ruwan malamin da ke fama da aji mai cike da yara a Kornaka ko Birnin Lalle? Ruwansa kuwa babba ne. Ɗalibin da ya saba cin labari tafasasshe, an zaɓa masa murya da launi da saurin tafiya, yakan ɗauka gani da karatu abu ɗaya ne. A tambaye shi ko ya san labari kaza, ya ce ya gani. Hanya mafi kusa ta nuna masa abin da karatu ke bayarwa wanda kallo ba ya bayarwa ita ce a ajiye masa labari guda a siffofinsa biyu, a bar shi ya auna da kansa. Kuma daga cikin labaran kasada da sihiri da Japan ta fitar, da wuya a sami wanda ya fi dacewa da wannan awo a ƙasar Hausa kamar wanda ake kira Magi.

Wata mata ce ta zana shi, Shinobu Ohtaka, daga 2009 zuwa 2017, a mujallar mako-mako ta kamfanin Shogakukan, ya cika littafi 37. Jarumansa ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe: Aladin, Ali Baba, Sindibad, Ƙasimu, da Morgiana, wadda ba kowa ba ce illa Murjanatu. Ko babobin littafin ba a kira su babi ba, dare ake ce musu, dare na ɗaya, dare na biyu, don tunawa da Dare Dubu da Ɗaya. Sai dai duk wanda ya shiga neman labaran da ya sani zai sha mamaki. Aladin a nan yaro ne ƙarami mai sarewa, aljaninsa a cikin sarewar yake zaune. Ali Baba matashi ne mai tuƙa keken fatake, yana mafarkin shiga ɗaya daga cikin wasu dogayen gine-gine masu ban tsoro da suka tsiro a duniya, waɗanda duk wanda ya ci su yakan fito da dukiya da aljani mai yi masa hidima. Murjanatu baiwa ce mai jan gashi, ƙarfinta a ƙafa yake, da mari a idon sawunta. Ƴan fashi arba'in sun zama ƙungiyar matasan unguwar talakawa. Sunaye kawai ta ara, da ɗan ƙamshin asali, sauran duk ginin hannunta ne.

Kafin a zarge ta da ɓata gado, ya kamata a tuna gadon kansa ta wace hanya ya zo. Labarin Aladin da na Ali Baba ba sa cikin tsofaffin rubuce-rubucen Larabci na Alfu Laila. Bafaranshe Antoine Galland, wanda ya fassara littafin tsakanin 1704 da 1717, shi ya ji su a 1709 daga bakin wani saurayi ɗan Halab mai suna Hanna Diyab, ya rubuta su da salonsa, ya cusa. Tafiye-tafiyen Sindibad ma littafi ne mai zaman kansa kafin a haɗa shi da sauran. Wato labarin ya fito daga baki ya shiga takarda, ya bar Sham ya shiga Faransa, ya zaga duniya, ya sauka Japan aka zana shi, aka mayar da zanen majigi, aka ɗora wa majigin muryar Faransanci, ga shi yau yana iya shiga aljihun yaro a bakin kwarin Tarka. A kowane zango an sauke masa wani kaya an ɗora masa wani. Mai neman asali tsantsa a irin wannan tafiya zai daɗe yana tono.

Duk da haka, tsakanin littafin Ohtaka da majigin da kamfanin A-1 Pictures ya yi akwai alkawari na musamman, tun da majigin sunan littafin ya ɗauka, da masu karatunsa ya ci kasuwa. An yi shi zango biyu, kowanne kashi 25: na farko daga Oktoban 2012 zuwa Maris na 2013, na biyu daga Oktoban 2013 zuwa Maris na 2014. Masu shi sun guje wa cutar ciko, domin sun tarar da littafin ya riga ya yi nisa. Cutar da ta kama su kishiyarta ce, wato gaggawa.

Tun daga kashi na farko ake ganin almakashi. A littafi, Aladin ya fara haɗuwa ne da wasu ƴan mata biyu na ayarin fatake, Laila da Sahsa, kafin ya san Ali Baba. Majigi ya tsallake wannan, ya haɗa jaruman biyu tun a mintocin farko, don kada mai kallo ya canza tasha. Ƴan matan sun bayyana daga baya, tare da Murjanatu, amma zaren da ya ɗaure su da Aladin ya riga ya tsinke. Wannan ƙaramar asara ce, ana iya yafe ta. Wadda ta fi ta ciwo, musamman ga mai kallo daga wannan yanki, ita ce ta makiyayan Kouga. Wata al'umma ce ta masu dawaki da tantuna a fili mai ciyawa, waɗanda kakanninsu suka taɓa mulkin ƙasa mai faɗi, yanzu daular Kou ta zo ta ce ko su miƙa wuya ko a murƙushe su. Tsohuwar da ke shugabantarsu an harbe ta da kibiya a ɓoye don a tunzura samarinta su ɗauki makami, amma kafin ta cika sai ta hana su, ta zaɓi miƙa wuya don jama'a ta rayu. Majigi ya gama da wannan duka a kashi biyu. Bai canza abin da ya faru ba, lokacin zama da mutanen ne ya rage. Mutumin Dakoro, wanda ya san abin da dokar 1961 mai shata iyakar noma ta arewa ta zama a aikace, ya san yadda gonaki ke cin burtali shekara bayan shekara, ya kuma san yawan zaman sulhun da dattawan Fulani da Buzaye da Hausawa kan yi a kan rijiya guda, zai so a bar shi ya ɗan daɗe a cikin tantin tsohuwar nan. Littafi yana barin sa, domin shi ke juya shafi. Majigi agogonsa a hannun wani yake.

Inda majigin ya riƙe amana sosai shi ne labarin birnin Balbadd, wanda aka ba shi fiye da kashi goma, kuma nan ne zuciyar zangon farko. A nan ake gane Ali Baba ɗan sarki ne, amma uwarsa matar unguwar talakawa ce, can ya girma tare da Ƙasimu kafin a ɗauke shi zuwa fada. Balbadd birni ne na bakin teku mai arzikin ciniki. Wani mai ba da lamuni ya zo ya koya wa sabon sarki, wan Ali Baba, amfani da kuɗin takarda na daular Kou. Ana ranta ana kashewa a fada, darajar takardar kuwa a hannun mai buga ta take. Da bashi ya yi nauyi aka jinginar da haƙƙin teku, aka jinginar da ƙasa da ciniki, da ba abin da ya saura sai sarki ya shirya jinginar da talakawansa su zama bayi. Wannan a labarin da aka zana don ƴan shekara goma sha! Mai karatun da ya tuna safiyar Janairun 1994, da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta bisa shawarar da ba a kasuwar Dakoro aka yanke ta ba, ba ya bukatar dogon sharhi. Majigi bai tsallake wannan darasin tattalin arziki ba, ko da yake ya taƙaita shi, kuma ya bar Ali Baba ya yi abin da ya yi a littafi: ya shiga fada, ya ƙi karɓar sarauta, ya nemi a rushe ta gaba ɗaya a mayar da ƙasa hannun jama'a.

A kan Ƙasimu kuwa majigin ya fi littafin, kuma faɗin haka ba cin fuska ba ne ga mai zane. A tsohon labari Ƙasimu ɗan'uwa ne mai kwaɗayi da ya manta kalmar buɗe kogo. Ohtaka ta mayar da shi ɗan mashayi, wanda ƙanwarsa ta mutu da annoba lokacin da hukuma ta killace unguwarsu ta bar su, wanda kuma yake ƙaunar Ali Baba yana ƙinsa a lokaci guda, domin tun suna yara ya ga kamar shi da tabo aka haife shi, ɗan'uwansa kuwa da haske. Irin wannan hassada ta cikin gida, wadda mai yin ta ya fi kowa shan azabarta, Hausa ta san ta sarai, ta ma yi mata suna a zaman ƴan uba. A takarda ana karanta ta a ido da haƙoran da aka cije. A majigi an ba ta murya, muryar da ke karyewa a tsakiyar zagi, aka sa kiɗa ya yi shiru a inda ya kamata. Murya aba ce da takarda ba ta da ita, kuma al'ummar da ta gaji adabinta ta kunne ba za ta raina wannan ƙari ba. Haka ma rawar da Murjanatu ta yi a bikin tsibirin Sindibad: a littafi ƴan zanuka ne tsayayyu, a majigi an ga yarinyar da ta girma da mari a ƙafa tana juyi da ƙafafun nan ba mai riƙe da sarƙa.

Maganar marin nan ta cancanci a tsaya a kanta. An ƴanta Murjanatu tun farkon labari, amma ba a ƴanta tunaninta rana ɗaya ba. Takan ji muryar tsohon ubangidanta bayan ya mutu, takan rasa yadda za ta zauna a tabarma ɗaya da ƴaƴa. Daga baya ta sa aka ƙera marin ya zama makaminta. Littafi da majigi duka sun kiyaye wannan, kuma shi ne abin da ya fi kowane aljani a labarin gaskiya. A ƙasar da sai a 2003 dokar hukunta laifuffuka ta ambaci bauta da sunanta, inda kuma a 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta zauna a Yamai ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatu Mani, ba a kallon irin wannan a matsayin almara ta nesa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya taɓo wannan ciwo a Shaihu Umar tun 1934, Adamu Halilu ya mayar da littafin fim a 1976. Malamin da ya ajiye Murjanatu kusa da mahaifiyar Umar a darasi guda ba zai rasa abin da ɗalibai za su tattauna ba.

Laifin da ba a yafe wa zangon farko ba a ƙarshensa yake. Kashi 25 aka saya, dole a rufe da babban faɗa, littafi kuwa a daidai wurin bai tanadi irin wannan rufewa ba. Sai aka sake jera abubuwan da suka faru, aka matse su, aka sa baƙin sihiri ya rinjayi zuciyar Ali Baba har sai da abokansa suka ceto shi. Ga wanda bai karanta ba, faɗa ne mai kyau. Ga wanda ya karanta, an rushe abin da aka kwashe kashi goma ana ginawa, domin duk ma'anar Balbadd ita ce Ƙasimu ya faɗa ramin ƙin ƙaddararsa, Ali Baba bai faɗa ba. Ana iya cire babi biyar ba a cuci labari ba, ana iya ƙara minti goma a cuce shi. Zango na biyu ya fi natsuwa. Ya bi Aladin zuwa Magnostadt, ƙasar masu sihiri inda aka kasa mutane daraja biyar, mafi yawansu a daraja ta ƙarshe, a ƙarƙashin ƙasa, ana ciyar da su kyauta ana tsotse ƙarfin rayuwarsu don a haskaka birnin da ke samansu. Shugaban ƙasar tsoho ne mai tausayin nasa, wanda zaluncin da aka yi wa masu sihiri a da ya sa ya daina ganin sauran mutane a matsayin mutane. Majigi ya bar shi da tausayinsa da muguntarsa duka, bai sauƙaƙa shi ya zama dodo ba.

Daga nan sai aka tsaya. Majigin ya ƙare a wajen littafi na 20, saura 17 ba a taɓa zana su a majigi ba, in ban da wani reshe da aka yi a kan ƙuruciyar Sindibad. Mai kallo ya rabu da Sindibad yana sarki mai fara'a da ɗan abin zargi, bai san inda son gyara duniya da ƙarfi zai kai shi ba. Sai dai a nan akwai abin da ya wajaba a faɗa wa malamai ba tare da kwana-kwana ba. Rabin da ba a yi majiginsa ba shi ne inda mai zanen ta shiga tarihin wata duniya da ta ƙaga, ta ɗauki sunayen Sulaimanu da Dawuda da sarauniyar Saba ta ba mutanen labarinta, ta kuma yi wasa da batun halitta da ƙaddara ta hanyar da Musulmi ba zai karanta hankalinsa kwance ba. A Japan waɗannan sunaye kayan ado ne na almara, kamar yadda Aladin yake; a Dakoro sunayen annabawa ne. Ko a rabin farko akwai barkwancin da ya shafi jikin mata da shiga gidajen shaƙatawa, wanda majigin bai cire ba duk da cewa da yammacin Lahadi ake nuna shi a can. Wanda zai kai wannan labari aji ko dandalin ƙungiya sai ya riga ya kalla, ya zaɓa. Zaɓen nan ma wani juyi ne a kan juyi, kuma ba abin kunya ba ne.

Ba abin kunya ba ne domin adabin Hausa na boko da irin wannan aiki ya fara. Abubakar Imam, da ya zauna a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, an tara masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa, har da tatsuniyoyin Jamus. Ya ɗauki wanda ya ga dama, ya zubar da wanda bai dace ba, ya sa wa saura rawani da babbar riga, har mai karatu ya rantse a garinsu aka yi abin. Ahmadu Ingawa ya yi haka da wani gwarzon Rasha, ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Ba wanda ya tuhume su da rashin bin asali, domin sun san abin da suke riƙewa. Da aka zo mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin a Kaduna a shekarun 1980, da ƴan wasa irin su Ƙasimu Yero, an nuna shi ga Nijeriya baki ɗaya da Ingilishi. Sarki yana nan, waziri yana nan, aku yana nan, kayan sawa sun yi kyau. Amma littafin da sunansa ya ce magana ce jari, in aka canza masa harshe, me ya rage a cikin asusun? Haka Sarauniya ta Abdullahi Mamani, littafin 1980 a kan turjiyar Lugu ta 1899: Med Hondo ya yi fim ɗinsa a 1986, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987, fim ne mai girma, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma sarauniyar Aznan Arewa ba da Hausa take magana a cikinsa ba.

Nijar tana da nata gwanin zane mai motsi, kuma abin takaici ne yaron da ya haddace jaruman Japan bai taɓa jin sunansa ba. Mustafa Alasan, haifaffen N'Dounga a 1942, ya fara ne da fitila da kwali, yana yanka siffofi yana nuna inuwarsu a bango. Ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, ya dawo ya yi La Mort de Gandji da Bon Voyage Sim a tsakiyar shekarun 1960, inda kwaɗi suka zama shugabannin ƙasa masu yawon ziyara. A 1977 ya yi Samba le Grand da ƴartsana, labarin jarumin da gimbiya ta ɗora wa sharuɗɗa, ya kuma yi Kokowa, inda dabbobi ke kokawa a fage da makaɗa da alƙali. Toula kuwa, wanda ya yi da mutane, daga labarin Bubu Hama ya ɗauko shi. Ya ƙare rayuwarsa yana aiki a Tawa, maƙwabciyar jahar Maraɗi, ya rasu a 2015. Duk tambayar da ake yi wa kamfanin Tokyo, shi ya riga ya yi wa kansa ita da kayan aikin da ba su kai kuɗin kashi ɗaya na Magi ba: idan tatsuniya ta bar bakin tsohuwa ta hau allon majigi, wa zai maye gurbin waƙar da yara ke amsawa, wa zai maye gurbin duhun da kowane yaro ke zana nasa dodon a ciki?

Wannan duhun shi ne abin da manga ya raba da tatsuniya, majigi bai samu ba. Tsakanin gida da gida a shafin zane akwai ɗan farin fili. A gida na farko an ɗaga takobi, a na biyu mutum yana ƙasa. Saran kansa ba a zana shi ba, mai karatu ne ya yi shi a kansa. Majigi dole ya cike filin nan, ya nuna saran, da saurin da darakta ya zaɓa da ƙarar da ya zaɓa. Ko da yake masu anime, tun zamanin Osamu Tezuka a 1963, sun saba tsimin zane, sukan wadatu da zane takwas a daƙiƙa inda fim ke cin hoto 24, duk da haka abin da suka nuna ya nunu, ba sauran wurin da mai kallo zai sa hannu.

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Ƙorafin malaman waɗannan makarantu bai canza ba: yaro ya iya karatu, ba abin karantawa. Littattafan kasada irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki sun haura shekara 90, ga su cike da aljanu da tafiye-tafiye da yaƙi, duk abin da yaran nan ke nema a waya, amma ba a ganin su a hannun yara cikin siffar littafin zane. Sayen manga daga Faransa kuwa ba zancen talaka ba ne. Littafi ɗaya yana kusan yuro 7, wato sama da jika huɗu da rabi tun kafin kuɗin ɗauko shi. Magi gaba ɗayansa zai haura jika 160. Ƙungiyar al'adu ba ta bukatar 37 ɗin. Littafi ɗaya daga na Balbadd ya isa, da minti goma na majigin da ya yi daidai da shi, da allo, da ɗalibai da za a ce su lissafa abin da aka cire da abin da aka ƙara, sa'an nan su ɗauki tatsuniya ɗaya daga bakin kakanninsu su rarraba ta gida-gida a takarda.

Da Faransawa suka fara buga Dragon Ball a 1993 sai da suka juya shafukan, domin manga daga dama ake buɗe shi a karanta zuwa hagu, masu karatunsu kuwa ba su saba ba. An ɗauki shekaru kafin a koma buga shi yadda yake, har yau kuma akan sa gargaɗi a shafin ƙarshe cewa nan ba farko ba ne. Yaron Dakoro da ya riƙe allo tun yana ɗan shekara biyar, in aka miƙa masa littafin, ta daidai wurin zai buɗe.